Saitin da Ba Na Hannuna Ba

Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna cewa in daina wahalar da bawan Allah in ba shi amsa, ku gyara zama. Ni ma na so in ba shi. Abin da ya tsayar da ni, da wasunku ya samu, wallahi da tuni sun fasa kwamfuta da ƙasa.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni malamar ƙananan yara ce da safe, da rana kuma ina haɗa wa masu shaguna ɗan kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talla. Kayan aikina suna ɗakina, a kan teburin da ke jikin taga: kwamfuta, lasifika biyu, da fiyano. Sai dai fiyanon nawa bebe ne. Maɓallai ne kawai farare da baƙaƙe, ba shi da muryar kansa. Sai an haɗa shi da kwamfuta da igiya, manhajar da ke ciki ta ara masa murya.

Ta dalilin wannan beben na haɗu da mutumin da 'yan gidanmu suka raɗa wa Mai Saiti.

Ina ƙarama ƙofar mota ta datse min yatsan zobe na hannun hagu. Ya warke, amma ya tashi malalaci. Wajen dannawa yana tafiya tare da 'yan'uwansa, wajen ɗagowa ne yake nawa. Sai sautinsa ya ja ƙafa ya shiga cikin na gaba, kiɗan ya dagule. Na ɗauka fiyanon ne ya lalace, na kinkime shi tare da kwamfutar zuwa shagon da na saya. Shi na tarar. Ya ce in kaɗa ya ji. Ya rufe ido, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma ta bango.

Ya ce, "Malama, fiyanonki lafiyarsa ƙalau. Yatsanki ne ba ya son rabuwa da abin da ya riƙe."

Na ce, "Malam, gyara na kawo, ba duba ba."

Ya yi dariya ya jawo min kujera. Ya ce a fiyano na gaske, idan ka ɗaga yatsa, wani ɗan ƙyalle mai kauri ne ke sauka a kan tsirkiya ya kashe sautin. Ka ɗaga da sauri, sautin ya yanke ƙat. Ka ɗaga a hankali, ya ja jiki kafin ya mutu. Manhajar tana kwaikwayon haka, tana auna saurin da ka saki kowane maɓalli. Ya buɗe wani shafi a kwamfutar, ga wani layi a karkace. Ya kama tsakiyarsa ya ɗaga sama, ya yi masa doro.

"Yanzu ko kin yi nawa, za ta ɗauka kin saki a kan kari. Gwada."

Na gwada. Kiɗana ya fito tas kamar an wanke shi.

Ya ce, "Dannawa kowa ya iya, Malama. A saki ake gane hannu."

Na ce a raina, wannan da baki yake cin abinci. Amma na ba shi lambata, saboda wai idan saitin ya goce. Saitin bai goce ba, ni ce na goce.

To, ga inda abin ya fara ba ni tsoro. Babanmu tsohon mai gyaran wutar lantarki ne, ya yi ritaya. Mutum ne da bai yarda da komai ba sai ya gwada. Samari biyu suka zo kafin Mai Saiti. Na farko Baba ya tsare shi da tambaya har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na biyu kuwa ya tambaye shi yadda ake canja fis, bawan Allah ya ce shi a ofis yake aiki, Baba ya ce, "To, ofis ɗin ya ba ka mata." Fiyanona kuma bai taɓa kiransa da sunansa ba. Allon surutu yake ce masa. In na kunna, sai ya ƙwala daga falo, "Uwata, rage mana wannan ƙarar, muna jin labarai!"

Wannan Baban ne kwatsam ya wayi gari yana yabon Mai Saiti. Yaron kirki. Yaro mai haƙuri. Yaro mai hannu. Ranar Asabar muna shan shayi ya ajiye kofi ya ce, "Uwata, ba zan matsa miki ba, amma ranar Lahadi mai zuwa ina son in ji matsayinki. Kawunsa ya yi min magana."

Mama ta ce, "Ai kuwa ya kamata. Kin bar yaro yana ta sintiri kamar mai karatun mita."

Ƙanwata Auta ta sunkuyar da kai cikin kofinta tana ƙunshe dariya. Na lura da ita, amma ban kawo komai ba. Tukuna.

Ranar Talata na dawo daga makaranta, na cire gyale na rataye, na zauna zan ƙarasa wani aiki. Ina ɗora hannu na ji abin ba daidai ba. Sautuka suna bin juna suna manne wa juna, yatsan nan nawa kuma kamar an ɗaura masa dutse, sautinsa ya ƙi mutuwa. Ya fi ma yadda yake kafin a gyara lalacewa.

Na cire igiya na mayar. Na kashe kwamfuta na kunna. Yana nan. Sai na buɗe shafin nan da ban taɓa taɓawa ba tun ranar da aka saita min.

Doron ya tafi. Layin ya lotsa ƙasa, kamar igiyar shanya da aka lafta wa jiƙaƙƙen bargo.

Ni dai ban iya ja layin nan ba, amma na iya karanta shi, don mai shi ya koya min. Layi mai doro na mai nawa ne. Layi mai lotsawa na wanda yake fizge yatsa ne, wanda yake taɓa maɓalli kamar zai ƙone shi. An yi masa haka ne don sautinsa ya daina yankewa, ya samu ɗan jela. Wato wani hannu ya zauna a kujerata, kuma an zauna an saurare shi da ido rufe, kamar yadda aka saurare ni.

Na sunkuya na shinshina bayan kujerar. Ku yi min dariya in kun ga dama. Turaren Mai Saiti ne, wannan mai ƙamshin itace da lemo. Kujerar ma an ɗaga ta sama kaɗan. Ni doguwa ce. Mai wannan hannun gajere ne.

Wa ke gida da safe? Mama tana shagonta. Baba in ya gama labaran safe sai barci, ko gini ake rushewa ba zai ji ba. Saura mutum ɗaya. Gajeriya, tana zaman jiran sakamakon jarrabawa, ta tara farce zaƙo-zaƙo ta shafe su da ja, komai da kan yatsa take taɓawa tana janyewa kada su karye.

Na same ta a kicin tana wanke kofuna da yatsu biyu.

Na ce, "Auta, wa ya shiga ɗakina yau?"

"Ɗakinki? Ni na sani, Yaya?"

"Ba kya gida?"

"Ina gida mana. Amma ai ba maigadi ba ce ni."

"Wani ya zo?"

Ta ɗan yi jim. Jim ɗin nan ne ya kashe ni. Ta ce, "Mai kawo ruwa ya zo."

"Mai kawo ruwa ne ke sa turare mai tsada?"

"Kai, Yaya! Yanzu har hancinki ya shiga aikin 'yan sanda?"

Wayarta ta yi ƙara a kan firji. Ta yi wuf ta kife ta, da jiƙaƙƙen hannu, ita da ba ta yarda ko tururi ya taɓa wayar nan.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Na rubuta masa:

"Saitina ya canja."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Mutumin da ke ba ni amsa kafin in ajiye waya.

"Ya canja yaya?"

"Layin ya lotsa."

"Manhaja takan yi haka wani lokaci."

"Ita da kanta? Ta zaɓi hannu mai sauri ta yi masa kwalliya?"

Can sai ga shi: "In zo gobe da yamma in mayar miki?"

"Ka taɓa shiga ɗakina ba na nan?"

"Malama, akwai tambayar da ba zan iya amsa miki ba yanzu."

Na karanta ta sau ba adadi. Bai ce a'a ba. Ku mata kun san wannan: namiji in ya fara cewa ba zai iya amsawa ba yanzu, to ya gama amsawa. Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin matashi.

Ranar Laraba ban yi wa Auta magana ba. Na zuba mata ido kawai. Ta sa sabuwar riga ruwan hoda ba inda za ta. Ta share falo ba a sa ta ba. Ina ɗaura takalmi zan fita ta ce, "Yaya, yau ƙarfe nawa za ki dawo?" Yarinyar da ko ranar haihuwata ba ta riƙe ba. Baba kuma ya bi ni da ido ya ce, "Uwata, lafiya? Fuskarki kamar an ɗauke wuta." Na ce kaina ke ciwo. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, tsohon nan yana can yana yabon mutum, bai san abin da ake ƙullawa a gidansa yana barci ba.

Ranar Alhamis na shirya kamar kullum, doguwar riga ruwan toka da baƙin gyale, na ɗauki jaka na yi sallama da ƙarfi don kowa ya ji. Da aka fita hutun ƙarfe tara na safe na je wurin shugabar makaranta na dafe goshi. Ta ce in je in huta. Ban bi ta babban titi ba, na zaga ta layin baya.

Babur ɗinsa na fara gani. Ba a ƙofar gidanmu ba. A bayan katangar maƙwabta, an jingine shi an lulluɓe madubinsa da tsumma. Mai gaskiya ba ya ɓoye babur.

Auta na zaune a bakin ƙofa da wayarta. Tana ganina ta miƙe zumbur, ta fara wani tari na ƙarya mai ƙarfi, tana juya fuska wajen tagar ɗakina.

Na tsaya cak. In Auta tana nan waje tana gadi, to wa ke ciki? Kenan wata ce daga waje aka kawo har ɗakina, ƙanwata kuma ta zama 'yar tsaron ƙofa? Jini ya hau min ka.

"Yaya, tsaya ki ji..."

"Matsa min."

"Wallahi ba abin da kike zato ba ne. Zai kashe ni!"

Na ture ta na shige. Tun daga falo nake jin kiɗan. Kuma kiɗana ne, wanda na haɗa wa wani mai sayar da katifa bara, ɗan sanyi mai lilo. Amma ana kaɗa shi ɗaya-ɗaya, kamar kaza tana tsattsagar tsaba. A tsaya. A koma baya. A sake kuskurewa a wuri ɗaya.

Sai muryarsa, a hankali, irin wadda na ɗauka ni kaɗai ake yi wa: "Yauwa. Kada a yi sauri. Ba zai ja ka ba."

Na banko ƙofar.

Baba ne. Babana, a kan kujerata, da singileti da tabarau a kan tsinin hanci, ya ciji harshe, yatsunsa biyu a sama kamar zai kama kunama. Mai Saiti na durƙushe a gefensa yana buga masa lokaci a kan gwiwa.

Mu uku muka yi tsuru-tsuru. Sautin ƙarshe da Baba ya danna yana ta jan jela a lasifika har ya mutu don kansa.

Baba ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya cire tabarau, ya gyara murya ya ce, "Soket ɗin ɗakin nan nake dubawa."

Na ce, "Da kiɗan katifa, Baba?"

Auta ta fashe da dariya a bayana har tana riƙe ƙofa. Baba ya nuna ta da yatsa. "Ke kuma an sa ki gadi, ga abin da kika iya. Tari! Ko akuya ta fi ki."

Mai Saiti ya miƙe yana kaɗe gwiwar wando, ya ƙi haɗa ido da ni. Na zauna a bakin gado.

Na ce, "Baba, allon surutu fa?"

Ya daɗe yana goge tabarau da gefen singileti. Ya ce, "Tun bara wannan na katifar ya shiga kaina ta bango ya ƙi fita. Ina aske gemu yana nan. Ina cin abinci yana nan. Na ce bari in kama shi da hannuna ko zai bar ni in huta. Ke zan tambaya? Bayan duk abin da na faɗa? Ki samu abin ba uwarki labari?"

"Shi ne aka lalata min saiti."

"Ai ba laifina ba ne, laifin wuta ne." Ya ɗaga hannayensa, duk tabon ƙuna. "Tun ina saurayi wuta ta koya min taɓa abu. Ka taɓa, ka janye. Yanzu yaron nan yana cewa in bar yatsa ya kwanta. Ya kwanta a ina? Wanda ya bar yatsa ya kwanta a sana'armu, ai shi ma kwantar da shi ake yi. Duk abin da na danna sai ya ce ƙat, kamar an tsinke waya. Shi ne ya ja min layin nan ƙasa."

Mai Saiti ya ce, "Kullum in mun gama nakan mayar da naki, Malama."

Baba ya ce, "Ranar Talata ce ya manta. Ƙuruciya."

Daga nan Baba ya sallame shi, ya kori Auta, ya rufe ƙofa. Na riga shi magana, don abin yana ci na.

"Baba, kenan don ya koya maka kiɗa kake so in aure shi?"

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Uwata, ni za a saya da kiɗan katifa? Wayar wuta ko sabuwa ce fil, ban taɓa sa ta a bangon gidana ba sai na gwada ko tana yoyo. Sirrina na ba shi, mai ban kunya, na ce ko ke kada ki ji. Na zauna ina kallo. Kin rufe masa waya tun Talata, na sani, don ya zo nan idonsa kamar bai yi barci ba. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa. Bai faɗa ba. Ya zaɓi ki zarge shi maimakon ya tona ni. Wannan ba ya yoyo. Saura ke."

Ya fita yana gyara wuyan singileti kamar wanda ya sa babbar riga.

Da la'asar na kunna wayata. Saƙonninsa suka yi ta zubowa, na tsallake su duka. Abu ɗaya ne ya tsaya min. Mutumin da ke naɗe igiya sau ɗaya tak ta kwanta, wanda ke goge maɓallai kafin ya tashi, shi ne zai manta da layi? Na rubuta:

"Kai ba ka mantuwa."

"Ɗan Adam ne ni, Malama."

"Faɗa min gaskiya ko in sake rufewa."

Alamar rubutu ta zo. Wannan karon ba ta ɓace ba.

"Na yi wa Baba alƙawari ba zan faɗa ba. Ban yi masa alƙawarin zan mayar da layi ba. Ba na son in shiga rayuwarki da wani abu a ɓoye a bayana, ko da na dariya ne. Na san kunnenki. Na san za ki ji."

Na ajiye wayar a cinya. Jama'a, ku taya ni duba wannan mutum. Baba yana falo yana alfahari ya gwada waya ba ta yoyo, ashe ta yi yoyon ta inda abin gwajinsa ba ya kaiwa. Ya riƙe wa Baba amana, ya kuma tona min ita, bai buɗe baki ba. Ya bar ni na zargi ƙanwata, na shinshina kujera kamar mage, na yi wa shugabata ƙaryar ciwon kai. Mutum irin wannan, ko dai ka gudu ka bar shi, ko ka ajiye shi kusa inda idonka zai riƙa ganinsa.

Na rubuta: "Da na fasa gaba ɗaya fa?"

"Na ji tsoron haka. Amma na taɓa gaya miki, yatsanki ba ya son rabuwa da abin da ya riƙe."

Ka ji ɗan rainin hankali.

Na ce rubutu ba zai ishe ni ba, sai ya ji muryata a daure. Hannun damana na riƙe da kofin shayi, sai na danna wurin ɗaukar murya da na hagu, da malalacin yatsan nan. Kun san yadda abin yake, kana riƙe yana ɗauka, ka saki ya tafi. Na haɗe rai kamar yana gabana.

"Ka saurara da kyau. Gobe za ka zo ka koya min ja layin nan da hannuna, daga nan ba mai sake taɓa min saiti, ko kai. Na biyu, na gane ka, kuma idona a kanka yake har abada. Na uku..." Na ja numfashi. "Ka gaya wa kawunka Lahadi tana nan."

Na gama. Na ba yatsan umarni ya ɗaga.

Kafin ya ga dama, sai ga muryar Baba daga falo, yana rera kiɗan katifa da hanci, ya kuma kuskure daidai inda ya saba kuskurewa. Dariyar da nake dannewa tun safe ta ƙwace min, irin mai fita ta hanci, mara aji. Sai a lokacin yatsan ya saki. Saƙon ya tafi da ita a jela.

Na yi wuf zan goge. Ya riga ya saurara.

"Na ji duka uku, Malama. Gobe zan koya miki layin. Amma wannan jan ƙafar ta ƙarshe, don Allah kada a gyara ta."